Hoton jinjirin wata ba shaida ba ne

Duk ranar 29 ga watan azumi, da rana ta faɗi, sai ka ga samari a bakin gari sun ɗaga salula sama suna neman jinjirin wata. Sha'awa ce mai kyau, muna goyon bayanta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne hoton da ake yaɗawa ta WhatsApp tun kafin lisha, a ce an ga wata a gari kaza.

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin tsadar wannan magana. Mahauci ya yanka, mai tumatir da tattasai ta karya kuɗin kayanta don kada su kwana, uwargida ta ɗora tukunyar salla, sai a wayi gari da azumi. Wa zai biya asarar?

Wanda ya taɓa gwada ɗaukar jinjiri ya san wuyarsa. A daren farko siriri ne kamar zare, yana can ƙasa wajen yamma cikin jan gari, haskensa na gefen da rana ta faɗi, kuma da wuya ya wuce awa ɗaya bai bi ta ba. Hazo kaɗan ya isa ya ɓoye shi. Ke nan in aka nuna muku wata mai kauri a tsakiyar sama baƙa ƙirin, ba na daren farko ba ne, ko wa ya turo shi. Ita kanta salula tana da nata kwaskwarima: a 2023 kamfanin Samsung ya bayyana cewa wasu wayoyinsa suna gane wata su ƙara wa hotonsa kyan gani da kansu.

Mai son koyo kuwa ba sai ya zuba jikkuna wajen sabuwar waya ba. Ya nisanci fitilun gari, ya goge idon kamara, ya kashe fitilarta, ya jingina wayar a katanga ko buhun hatsi, domin hoton dare yana ɗaukar daƙiƙoƙi kuma rawar hannu ke ɓata shi. Ya fara da watan kwana 3 ko 4, ko da Zara in ta fito, lokacin ɗari kuma ya nemi Kaza da ƴaƴanta.

Amma batun yanka da sauke kaya, mu dai jira sanarwar majalisar addinin Musulunci ta ƙasa a rediyo.