Zafi da Laima: Maƙiyan Hotunan Majigi

A Mahuta, kusa da matatar mai ta Kaduna, kamar sauran unguwannin da ke kudu da kogi, damina kan kai wata shida. Duk malami ko ma'aikacin da ya yi ritaya ya ajiye hotunan majigi, wato silaidi, a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano, yana asarar su sannu a hankali bai sani ba. Ranar da aka buɗe akwatin aka tarar hotuna sun yi jawur, sai a ce ai fim ɗin ne maras kyau. Haƙiƙa sau da yawa laifin na ma'aji ne.

Launin silaidi rini ne kala uku a shimfiɗe bisa juna: rawaya, da ja mai sirkin shunayya, da shuɗi mai sirkin kore. Zafi ba ya cin su daidai wa daida. A tsofaffin finafinan Ektachrome, shuɗin ne kan riga dushewa, shi ya sa ja yake rinjaye. Bugu da ƙari, rinin yana zaune ne cikin jelatin, wanda ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. Da zarar laimar iska ta wuce kashi 60 cikin ɗari, abin da aka saba gani a watan Agusta, sai funfuna ta samu abinci. Inda ta ci kuwa ba ya gyaruwa.

Ga masanin halittu, launi shaida ne. Hoton ganyen dawa mai ciwo, ko na jinin da aka rina don neman ƙwayar sammore, in launinsa ya gurɓace to ya zama mai shaidar zur a gaban ɗalibai.

Rigakafin ba shi da tsada. Fim ɗin da ba a ɗauki hoto da shi ba a sa shi a firiji cikin gwangwaninsa, in an fito da shi a bar shi ya huce kafin a buɗe, don kada raɓa ta kwanta masa. Bayan ɗauka a gaggauta wanki. Tsarin wankin E-6 yana bukatar ruwan magani ya tsaya a digiri 38. Kuskure kaɗan ko tsohon magani kan karkatar da launi. Hotunan da aka wanke kuwa a adana su a ɗaki mai sanyi da duhu, nesa da bango mai danshi, kada a zuba su a ledar PVC.

Kodachrome, wanda ya fito a 1935, an daina yin sa a 2009, wankinsa ma ya ƙare a ƙarshen 2010. Saboda haka abin da ya rage a akwatuna ba shi da madadi. Ya kamata sassan kimiyya na jami'o'i su nemi tsofaffin malamansu tun suna raye, a kwafe hotunan cikin kwamfuta, a rubuta wuri da shekarar kowanne, kafin wata damina ta zagayo.