Motsa Jiki da Gyaran Akushi

Jama'a, ga wata al'ada ta shigo gari: mutane su haɗa ƙungiya, su fita fili da sassafe, wani gwani yana ba su horo irin na soja, da gudu da tsalle da ɗaga nauyi. Masu karatu suna tambaya, ko ya kamata akawu ko malamin makaranta ya shiga?

Lalle ya kamata. Wanda ke wuni bisa kujera, ƙiba da hawan jini da ciwon sukari suna fakonsa. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 kowane mako. Amfanin ƙungiya kuwa, ran da kasala ta danne ka, kunyar abokai ta tashe ka.

Amma fa a lura. Wanda ya sha gudu da safe, sa'an nan ya bi da soye-soye da lemon kwalba, ya yi aikin baban giwa. A rage mai da sukari. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, watau kamar ƙaramin cokali guda. A yawaita wake da zogale.

Mai ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Saura kuwa a fara kaɗan-kaɗan, sannu ba ta hana zuwa.