Ra'ayinmu: Littafin takaba a gaban ƴan lise

Wasu iyaye na ƙorafi cewa bai dace a ɗora wa yaran lise labarin mutuwa da zaman makoki ba. Mu kam ba mu yarda da su ba.

Littafin da muke nufi shi ne "Une si longue lettre" na Mariama Ba, ƴar ƙasar Sanagal, wanda ya fito a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980. Ramatulay, malamar makaranta mai ƴaƴa 12, tana cikin takabar wata 4 da kwana 10, take rubuta wa aminiyarta Aisatu wasiƙa. Mijinta Modu, babban ma'aikacin gwamnati, ya auri ƙawar ɗiyarsa, ya juya wa uwargida baya, sannan ya faɗi ya mutu. Da aka zauna lissafin gado sai ga bashi jibge. Ranar sadakar arba'in kuma wan mamacin ya zo neman aurenta.

Wane ɗan kasuwar Maradi ko ma'aikacin Damagaram ne zai ce bai taɓa ganin irin wannan ba? Sau nawa alhaji ke rasuwa babu takardar bashi, babu wasiyya, dangi su cika gida kwana uku, su watse su bar marayu da masu bin kuɗi? Alhali aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umurce mu da rubuta bashi.

Kukanmu na wajen malamai ne. Da yawansu kan mai da littafin taƙaitawa da jerin sunaye, a hardace don jarrabawar bak. Ai ba a rasa maraya a aji, wanda ya ga uwarsa cikin takaba. Malamin kirki zai san shi tun kafin a buɗe shafin farko, ba zai tsare shi da tambaya gaban jama'a ba, zai kuma bar yara su tattauna hakkin matar mamaci da harshen da suke yin ta'aziyya da shi. Tun 2025 doka ta mai da Hausa harshen ƙasa, saboda haka babu dalilin hana wannan.

Iyaye kuwa su sayi littafin, su sa yaran su karanta musu da dare. In an gama, maigida ya ɗauko alƙalami ya rubuta abin da ake bin sa da abin da yake bi.