Macijin Da Ake Cewa Yana Da Kai Biyu

Da zarar ruwan farko ya sauka a Abuja cikin watan Afrilu, manoman doya na Kuje da Bwari da Gwagwalada, da leburori masu haƙar harsashin gini, sukan tono wani maciji mai santsi da sheƙi, wanda da ƙyar ake bambanta kansa da wutsiyarsa. Nan take sai a ce mai kai biyu ne, a hau shi da fartanya.

Alhali kuwa kansa ɗaya ne tak, kuma ba shi da dafi ko kaɗan. Masana halittu sun yi bayaninsa tun 1819, yau kuma suna kiransa Afrotyphlops punctatus. Ana samunsa daga Sanagal har zuwa tsakiyar Afirka. Tsawonsa yakan kai ƙafa 1 zuwa 2, kaurinsa kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa. Idanunsa ƙanana ne, ɓoye a ƙarƙashin ɓawo, iyakarsu bambanta haske da duhu. Wutsiyarsa gajera ce, da ɗan tsini a ƙarshe wanda yake dogarawa da shi in yana kutsa ƙasa. Abincinsa gara ne da tururuwa da ƙwayayensu, watau dai abokin manomi ne.

Irin wannan sura ba a nan kaɗai take ba. A duwatsun kudancin Indiya da tsibirin Siri Lanka akwai wasu macizai marasa dafi masu zama cikin ƙasa, waɗanda wutsiyar wasunsu take kamar an sare ta a karkace an manna mata garkuwa. Su tana suke ci, kuma haihuwa suke yi, na nan kuwa ƙwai yake nasawa.

Amma fa akwai abin lura. A cikin wannan ƙasa tamu ɗin akwai wani baƙin maciji mai kama da shi, mai suna Atractaspis, wanda yake da dafi. Shi yakan fito da fiƙarsa ta gefen baki ya soki yatsa, ko da an riƙe shi a wuya. Likita David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya buga bayanin mutanen da irinsa ya sara a Nijeriya a 1976. Saran yakan kawo zafi mai tsanani da kumburi, wani lokaci har yatsa ya ruɓe.

Saboda haka wanda ya tono irin wannan maciji kada ya kashe shi, kada kuma ya ɗauka da hannu. Ya sa shebur ya kai shi gefen gona. In kuwa tsautsayi ya auku, a garzaya asibiti, ban da tsaga, ban da ɗauri. Kama da wane dai ba ta wane.