Ra'ayi: Fada ta samu masu zana ta, wa zai adana fuskar manoman Diffa?

A ƙarni na 16, Sarki Henry na 8 na Ingila ya ajiye Hans Holbein, haifaffen Jamus, yana zana masa hotuna. A 1539 aka tura shi ya zano gimbiya Anne ta Cleves domin sarki ya ga fuskarta kafin aure. An ɗaura auren a Janairun 1540, ya mutu bayan wata shida. Holbein ya rasu a Landan a 1543, amma har gobe da idonsa duniya ke kallon wannan sarki.

A cikin wannan ƙarni, fadar Borno da ke Birnin Ngazargamu a kwarin Komadugu ta yi nata gwanin, sai dai shi da alƙalami ya yi aiki. A 1576 babban limami Ahmad bin Furtu ya rubuta tarihin shekaru 12 na farkon mulkin Mai Idris Alooma. Yawancin abin da aka sani game da Mai Idris daga wajensa ya fito.

Aikin mutanen biyu taska ne, amma ma'aikacin fada abin da fada ke so yake nunawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Limamin ya ba da labarin yaƙe-yaƙe da ganima, garuruwan da aka ci kuwa ba a ji ta bakinsu ba.

Wannan giɓi ne Diffa ke shirin maimaitawa. Bayan harin Boko Haram na Fabrairun 2015, dokar ta-ɓaci ta hana hawa babur, ta kuma taƙaita cinikin kifi da tattasai. Dubban iyalai sun bar bakin kogi. Amma hotunan da suka cika Facebook na jami'ai ne suna yanke kyalle ko rabon kayan agaji.

Shi kansa Holbein ya zana 'yan kasuwar Jamus mazauna Landan, ba sarakuna kaɗai ba. Matasan Diffa masu waya a hannu su ɗauki hoton mai shanya tattasai da masunci da 'yar gudun hijira, bisa yardarsu, da sunan gari da kwanan wata. 'Yan jihar da ke ƙetare su tallafa da kuɗi, Jami'ar Diffa kuma ta buɗe ma'ajiyar da za ta karɓi hotunan.