Kafin ka gina wa kwastoma shafin intanet, ka duba ko zai iya gyara shi da wayarsa

Tambayar da ake yawan turo mana a inbos ita ce: wace manhaja ta fi dacewa a gina shafin da mai shi zai riƙa gyarawa da kansa? WordPress, Joomla, Wix ko Blogger? Ni dai a ganina yawancinmu muna kallon abin ta ɓangaren mai ginawa ne, alhali wanda zai zauna da shafin shekara da shekaru shi ne shugaban makaranta, mai shagon atamfa ko sakataren ƙungiya. Kuma yawancinsu ba su da kwamfuta, waya ce kawai a hannunsu.

Don haka gwajin farko mai sauƙi ne. Ka ba shi wayarsa, ka ce ya canza farashin kaya ɗaya, ya ɗora hoto, ya wallafa sanarwa. Idan sai ya kira ka kafin ya gama, to wannan tsarin bai yi masa ba, komai kyawunsa.

A wannan gwaji WordPress na fi zaɓa. Tun 2003 take, Matt Mullenweg da Mike Little suka fara ta, kuma yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Amfanin wannan yawan shi ne ko ka yi tafiya ko kun ɓata da kwastoma, zai samu wani a Kano, Kaduna ko Maraɗi da zai ci gaba da aikin. Tana da manhajar Android da ake rubutu da ɗora hoto kai tsaye. Sannan tana raba matsayi: ka riƙe Admin, ka ba shi Edita. Edita zai rubuta, ya gyara, ya wallafa, amma ba zai iya saka fulagin ko canza fasalin shafi ba, balle ya rusa shi da dannawa ɗaya. In shago ne da WooCommerce, akwai matsayin manajan shago, kuma Paystack na haɗuwa da ita don karɓar naira.

Amma fa WordPress ɗin ma mu muke ɓata ta. Sai mutum ya jibga Elementor da fulagin ashirin don shafi ya yi walƙiya, ya manta cewa gyara da Elementor a kan waya wahala ce zalla, ga shan data, ga nauyin buɗewa in netwok ya yi rauni. Editan da ya zo da ita tun 2018, wato Gutenberg, ya ishi yawancin ƙananan shafuka. Mafi muni su ne masu sauke fulagin na kuɗi da aka fasa aka raba kyauta. Wallahi sau da yawa da ɓoyayyar ƙofa suke zuwa, wata rana kwastoma ya buɗe shafin makarantarsa ya tarar da tallan caca. WordPress na buƙatar sabuntawa da ajiye kwafi a kai a kai, to ka faɗa masa kuɗin wannan kulawar tun ranar ciniki, kada sai an samu matsala.

Wix tana da sauƙi, ba musu. Matsalarta biyu: da kuɗin waje ake biya, kowa kuma ya san yadda canji yake, sannan ba za ka iya kwashe shafin gaba ɗaya ka kai wani hostin ba. Joomla da Drupal ƙarfafa ne, amma allonsu ya yi wa mai shago yawa. Blogger kuwa kada a raina ta. Idan labarai ko wa'azi kawai mutum zai riƙa wallafawa, kyauta ce, Google ke riƙe ta, za ka iya haɗa mata domen ɗinka, babu kuɗin hostin.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar domen. Mai gini ya yi rajistar .com.ng da imel ɗinsa, shekara ta zagayo, ya canza layi, shafin ya mutu, sunan ma wani ya saye. Mai kasuwa ya riga ya buga adireshin a kati da allon shago. Wannan ba laifin wata manhaja ba ne, rashin amana ne. In kai ne kwastoma, ka tabbata da imel ɗinka aka yi rajistar domen da hostin, a rubuta maka bayanan shiga, a kuma nuna maka ranar da za su ƙare kafin ka cika ragowar kuɗin aiki.