Launin Fim Ba Ma'aunin Shekaru Ba Ne

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Sai dai shi ma ido akan yaudare shi, musamman wajen kallon fim. Da zarar an nuna wa ɗalibi hoto baƙi da fari, sai zuciyarsa ta yanke hukuncin cewa abin ya faru tun zamanin kaka da kakanni. In kuwa mai launi ne, sai ya ɗauka jiya-jiya aka yi shi.

Wannan hukunci ba shi da tushe. A shekarar 1911 wani Barashe mai suna Prokudin-Gorsky ya ɗauki hoton Sarkin Bukhara da launinsa, har shuɗin rigarsa ya fito tangaran. A 1939 aka saki fim ɗin Gone with the Wind mai launi a Amurka. Amma a 1993 Steven Spielberg ya shirya Schindler's List baƙi da fari da gangan, domin mai kallo ya ji kamar yana duban tsohon labarin Yaƙin Duniya na Biyu. A 2018 kuma Peter Jackson ya shafa wa finafinan Yaƙin Duniya na Farko launi, sai ga sojojin da ake yi wa kallon mutanen dauri sun koma samari masu dariya. Ke nan launi ya danganta ne da tsadar kayan aiki da zaɓin mai shiryawa.

Illar wannan ruɗani a aji ba ƙarama ba ce. Akasarin hotunan samun mulkin kai na 1960 da na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 baƙi da fari ne. Don haka ɗalibi kan ɗauki Janar Yakubu Gowon na wancan lokaci a matsayin dattijo, alhali shekararsa 31 sa'ad da ya hau mulki a 1966. Haka kuma yakan ɗauki yaƙin tamkar tatsuniya, alhali wasu da suka fafata a cikinsa suna nan da rai. Wanda ya ga abu ya yi masa nisa kuwa da wuya ya ɗauki darasi daga gare shi.

Saboda haka wajibi ne malami, kafin ya nuna fim ko hoto, ya rubuta shekarar da aka ɗauke shi a kan allo, ya sa ɗalibai su lissafa tazararta da yau, sa'annan su tambayi dattawan gidajensu inda suke a wannan shekara.